ƊAIƊOYA A BAKIN FANGALI: YADDA ZA KA AMFANA DA RUWAN DA KAKE ZUBARWA A GIDAN KAJI DA TANKIN KIFI

Yau ba maganar abincin kaji ko farashin 'ya'yan kifi na kawo ba. Maganar ruwa ce, ruwan da ke zubowa daga kwanon ɗakin kaji da damina, da wanda muke saki daga tankin tarwaɗa duk bayan kwana biyu ko uku. Mafi yawan masu fara kiwo suna lissafin inda ruwa zai shigo, amma ba sa lissafin inda zai fita. To a nan ake samun matsala.

Mu nan yankin Funtua, Bakori, Danja, Kafur har Malumfashi, Allah Ya ba mu ruwan sama da ya kai kimanin milimita 1,000 a shekara, ya fi na Daura ko Jibiya nesa ba kusa ba. Ƙasarmu kuma a wurare da yawa mai nauyi ce, akwai laka a cikinta. Shi ya sa masara da auduga da waken suya suke yi mana kyau. Amma irin wannan ƙasa ba ta shan ruwa da sauri. In marka ta kama a watan Agusta, ruwa ya kwanta a gindin katanga, sai ka ga abu uku sun biyo baya: shimfiɗar kaji ta jiƙe, sauro ya samu gida, maƙwabci kuma ya fara sallama da safe ba don gaisuwa ba.

Abin da nake ba da shawara, kuma shi nake yi a bayan ɗakin kajina, shi ne a haƙa fangali mai faɗi marar zurfi, a kora ruwan can, a dasa ɗaiɗoya a kewayensa. Bari in yi bayani dalla-dalla.

RUWAN NAWA NE MUKE MAGANA A KAI?

Lissafin mai sauƙi ne. Ruwan sama milimita 1 in ya sauka a kan murabba'in mita 1, lita 1 kenan. A ce ɗakin kajinka tsawonsa mita 10, faɗinsa mita 5. Rufinsa murabba'in mita 50 kenan. In aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 30 a dare ɗaya, wanda ba abin mamaki ba ne a wurinmu, kwanon nan zai zubo lita 1,500. Jarka 60 kenan ta lita 25. A shekara kuwa ana maganar lita 50,000 daga rufin ɗaki ɗaya tal.

Duk wannan ruwa in ba ka yi masa hanya ba, a gindin ginin yake sauka. Danshi ya hau bango, ya shiga buntun shinkafa ko garin katakon da ka shimfiɗa. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa kuwa ita ce gonar cutar kashin jini, wadda likitocin dabbobi ke kira koksidiyosis, domin ƙwayar cutar sai ta samu danshi da ɗumi take nuna har ta kama kaza. Ga warin amoniya mai yaji da ke ɓata wa kaji ido da numfashi. Sai ka ga mutum yana ta sayen magani, alhali asalin ciwon yana bakin kwano.

Na kifi kuma nasa daban. Ruwan tankin tarwaɗa cike yake da kashin kifi da ragowar abinci. In ka sake shi a lungu, wari ne da ƙuda da rigima. In ka kai shi gindin shuka, taki ne, domin akwai sinadarin naitirojin da fosfaras a ciki, irin waɗanda muke biyan kuɗi mu saya a buhu.

MENE NE FANGALIN RUWAN SAMA?

Duk wanda ya taɓa noman rani a bakin dam ɗin Mairuwa ko fadamun Danja ya san fangali. To wannan ɗan uwansa ne, sai dai an yi shi don ya karɓi ruwa mai yawa lokaci guda, ya riƙe shi na 'yan awoyi, ƙasa ta shanye. Ba kududdufi ba ne. In ruwa ya wuce kwana biyu a ciki bai tsotse ba, to aikin bai yi ba.

Turawa suna kiransa lambun ruwan sama. A Amurka, a jihar Maryland, aka fara yayata shi a farkon shekarun 1990 don rage ruwan da ke kwarara daga rufin gidaje da tituna. Amma dabarar tare ruwa a inda ya sauka ba baƙuwa ba ce a wurinmu. 'Yan uwanmu na Nijar, musamman wajen Tawa, sun daɗe suna haƙa tassa da rabin wata suna farfaɗo da ƙasar da ta mutu. Bambancin kawai, su ƙarancin ruwa ne ya sa su, mu kuwa yawansa ne a wuri ɗaya.

ME YA SA ƊAIƊOYA?

Ɗaiɗoya, wasu su ce ɗoɗɗoya, wadda nake nufi ita ce ta gida mai faɗin ganye da ƙamshi mai ƙarfi. Yarbawa suna ce mata efinrin, Inyamurai su ce ncanwu, masana tsirrai kuma Ocimum gratissimum. Akwai ƙaramar ta daji mai ƙananan ganye da ke fitowa da damina ta mutu da kaka, ba ita nake nufi ba.

Dalilaina guda biyar ne.

Na farko, 'yar ƙasa ce. Asalinta nan Afirka ne, ta san zafinmu, ta san ƙwarinmu. Ba sai ka yi odar iri daga waje ba. Gidaje da yawa akwai ta a bayan ɗaki ko kusa da wurin wanke-wanke.

Na biyu, ba shukar shekara ɗaya ba ce. In tana samun danshi za ta yi shekaru tana ba ka ganye.

Na uku, tana jin aski. In aka bar ta takan wuce tsawon mutum, amma in kana datse ta za ta tsaya daidai gwiwa zuwa ƙugu, ta yi dunƙule, ba ta cin wuri.

Na huɗu, furenta. Ƙananan furanni ne farare-farare a jere a kan zangarniya, ba wani kyan gani ba, amma ƙudan zuma da ƙananan ƙudajen daji suna son su ƙwarai.

Na biyar, tana da kasuwa a cikin sana'arka. Ganyen nan shi ne ke ba farfesun kifi ƙamshinsa. Mai sayen tarwaɗa don farfesu, ko mai gidan abinci, yana buƙatarsa. Ka ga ruwan kifin ya rayar da ganyen da za a dafa kifin da shi.

Amma a kula da abu ɗaya: ɗaiɗoya tana son danshi, ba ta son ta tsaya cikin ruwa. In saiwarta ta kwana biyu uku a nutse, ruɓewa take yi. Don haka a gefen fangali ake dasa ta, a kan gangare da kunya, ba a tsakiya ba.

INA RUWAN MAI KAJI DA ƘUDAN ZUMA?

Wani zai ce, "Malam, ni kaji nake kiwo, ina ruwana da zuma?" To ai mafi yawanmu ba kiwo kaɗai muke yi ba. Akwai gona, akwai ɗan lambu. Masara da dawa da gero da shinkafa ba su dogara da ƙwari ba. Amma kabewa da kankana da kokwamba furensu biyu ne, namiji daban, mace daban. In ƙwaro bai ɗauko garin fure daga wannan ya kai wancan ba, ɗan zai yi rawaya ya faɗi. Sau da yawa manomi yakan ce taki ne bai isa ba, alhali ƙuda ne babu.

Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta ce kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in amfanin gonar da ake ci a duniya suna amfana da masu barbarar fure, wasu sosai, wasu kaɗan. Har Majalisar ta ware 20 ga Mayu a matsayin ranar ƙudan zuma ta duniya, an fara bikinta a 2018. Wanda ya fi shafarmu shi ne binciken da aka yi a Burkina Faso aka buga a 2017. Da aka hana ƙudaje kaiwa ga furen auduga, amfanin ya ragu da kimanin kashi 37 cikin 100, na riɗi kuma da kashi 59. Mu da aka san garuruwanmu da auduga tun zamanin kakanni, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Matsalar ƙudajen nan ita ce rani. Da kaka ta wuce, an share gonaki, an ƙone ciyawa, fure ya yi wuya. Masu kaji da yawa sun sha ganin ƙudan zuma sun cika mazubin abinci da hunturu suna kwasar garin masara da dusa. Yunwar garin fure ce ke kawo su. Masu kifi kuma suna ganin su suna faɗawa tanki wajen neman ruwa. To kai mai tankin kifi kana da abin da sauran manoma ba su da shi: ruwa a watan Janairu da Maris. Ɗaiɗoyar da ke shan ruwan tankinka za ta iya yin fure a lokacin da daji ya bushe. Shi ne amfanin da ya fi kowanne girma a wajen ƙudajen.

YADDA AKE HAƘA FANGALIN

1. Zaɓen wuri. Ya zama ƙasa da ɗakin kaji ta yadda ruwa zai gangara da kansa. Ka ba da tazarar aƙalla mita 3 daga kowane gini, naka ko na maƙwabci, musamman ginin ƙasa. In ruwan kifi zai shiga, ka nisanta shi da rijiyar sha, mita 15 zuwa 30 in fili ya ba da dama. Kada ya zama kusa da ramin masai. Wurin kuma ya samu rana aƙalla rabin yini.

2. Gwajin ƙasa. Kada ka tsallake wannan. Haƙa ɗan rami mai zurfin santimita 30, wato tsawon rular 'yan makaranta. Cika shi da ruwa, ka bari ya tsotse, ka sake cikawa. In na biyun ya shanye cikin awa 24, wurin ya yi. In ya kwana biyu yana nan, laka ta yi yawa. Ko ka canza wuri, ko ka tone ƙasar ka gauraya ta da yashi mai kauri da ruɓaɓɓen taki sosai. Yashi kaɗan a cikin laka ba ya gyara komai, bulo ma yake komawa.

3. Girma. Ka ɗauki kashi ɗaya cikin biyar na girman rufin. Rufin murabba'in mita 50 yana son fangali na murabba'in mita 10, misali mita 2 faɗi, mita 5 tsawo. Zurfin santimita 15 zuwa 20. Ka lissafa ka gani: murabba'in mita 10 a zurfin santimita 15 yana ɗaukar lita 1,500, daidai ruwan daren nan da muka yi misali da shi. In ƙasarka mai nauyi ce, ka ƙara faɗi, kada ka ƙara zurfi. Rami mai zurfi haɗari ne ga yara da 'yan tsaki.

4. Siffa. Ƙasan ya zama shafe ɗaya, gefen ya gangara a hankali kamar faranti. Ƙasar da ka tono ka yi kunya da ita a ɓangaren gangare.

5. Mashiga da mafita. Inda ruwa ke shigowa ka zuba duwatsu da tsakuwa don kada ya zaizaye ƙasa. A kan kunyar kuma ka bar ƴar ƙofa ta yadda in ruwa ya fi ƙarfin fangalin zai fita ta inda kai ka zaɓa, zuwa kwata ko gona.

6. In ruwan kifi ne, ka yi ɗan ramin tace laka kafin fangalin, kamar girman baho, inda dattin zai kwanta. Duk mako ka kwashe shi ka kai wurin tara taki. In ba haka ba, dattin zai toshe fuskar ƙasa, ruwa ya daina shiga.

ME ZA A DASA A TSAKIYA?

Tsakiya sai mai jure ruwa. Jema, ciyawar fadama da ake saƙa faifai da zana da ita, ita ce na fi so. Saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai, tana buɗe wa ruwa hanya. A bayan kunya kuma ana iya sa shuwaka ɗaya ko biyu, ita ma 'yar ƙasa ce mai son danshi, furenta na fitowa da rani kuma zuma na son sa. Sai dai ita sai ana sare ta, don doguwa ce.

YADDA AKE DASA ƊAIƊOYA

Hanya biyu ce, iri ko reshe.

Iri: ka samu zangarniyar da ta bushe ta yi ruwan ƙasa, ka murje a faranti. Irin ƙanana ne ƙwarai, don haka ba a binne shi. A barbaɗa a kan lallausar ƙasa mai danshi, a danna da tafin hannu, a yayyafa ruwa a hankali. Cikin mako ɗaya zuwa biyu zai tsiro. In ya kai tsawon yatsa zuwa taƙi sai a dasa.

Reshe: wannan ya fi sauri. Ka yanko reshen da bai tsufa ba kuma bai yi ɗanye shataf ba, tsawon santimita 15 zuwa 20. Ka cire ganyen ƙasa, ka bar biyu ko huɗu a sama. Ka soka rabinsa a leda mai ƙasa da yashi, ledar fiya wata ma ta isa in ka huda gindinta. A ajiye a inuwa, ana ba shi ruwa. Cikin mako biyu zuwa huɗu zai yi saiwa.

Tazara tsakanin gindi da gindi santimita 50 zuwa 60. Fangalin mita 2 da mita 5 kewayensa mita 14 ne, zai ɗauki gindi 20 da 'yan kai bayan ka cire mashiga da mafita. A dasa da yamma, a rufe gindin da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa.

Lokaci: a haƙa a Afrilu ko Mayu kafin ruwa ya sauka, a yi renon dashe a lokacin, a dasa a Yuni da damina ta zauna. Kafin marka saiwa ta kama. Mai ruwan tanki zai iya dasawa ko da rani, amma ya yi mata 'yar inuwa a makon farko.

Taki: kashin kaji ɗanye yana ƙona shuka. A tara shi ya ruɓe wata biyu zuwa uku, sannan a sa cikin hannu ɗaya ko biyu a kowane gindi. In ruwan kifi na zuwa a kai a kai, ba ka ma buƙatar ƙari. Taki in ya yi yawa sai ganye ya yi ta yi, fure ya ƙi fitowa.

ASKI DA RABON FURE

Da ta kai santimita 30, ka tsinke kanta. Za ta fito da rassa biyu. Su ma in sun yi tsawo ka tsinke. Haka za ta cika ta yi dunƙule.

A nan akwai ɗan ja-in-ja. Mai son ganye yana cire fure, don in ta yi fure ganyen na raguwa. Ƙudan zuma kuma furen yake so. Yadda nake yi shi ne in raba su uku: kashi biyu ina yankan ganye, kashi ɗaya na bar shi ya yi fure. In furen ya fara bushewa sai in datse wannan kashin, in saki wani. Da haka ba a rasa ganye, ba a rasa fure. Bayan shekara uku ko huɗu, in gindi ya zama itace ganye ya ragu, ka yanki reshe a jikinsa ka maye gurbinsa.

ABUBUWAN KIYAYEWA

Ruwan da ka sa wa gishiri ko magani don jinyar kifi, da ruwan wankin ɗakin kaji mai sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, kada ya shiga fangalin. Gishiri yana taruwa a ƙasa ya kashe shuka.

Kada ka saki tanki gaba ɗaya lokaci guda. Tamfol mai mita 3 da mita 3, in ruwan ya kai mita 1, lita 9,000 ne, ya ninka ƙarfin fangalin sau shida. A saki kaɗan-kaɗan, ranar da aka yi ruwan sama kuma a bar fangalin ya huta.

Ruwan kifi a gindi ake ba da shi, ba a kan ganye ba, tunda ganyen ci za a yi. A wanke shi da ruwa mai tsabta kafin a kai kasuwa ko tukunya.

Sauro yana buƙatar kusan mako guda a ruwa kafin ƙwai ya zama mai tashi. Fangalin da ke bushewa cikin kwana biyu ba ya ba shi wannan dama. In ka ga ruwa ya fara daɗewa, ka sassaƙe fuskar ƙasa da fartanya. An san ɗaiɗoya da korar sauro, iyayenmu suna turara ta a ɗaki, amma ba ta maye gurbin gidan sauro.

Maganin feshi irin su sifametirin da lamda guba ne ga kifi da ƙudan zuma gaba ɗaya. Kada a fesa su a kan ɗaiɗoya ko kusa da tanki. A gona ma, in amfani yana fure, a yi feshin da yamma liƙis bayan ƙudaje sun koma.

Duhuwa kusa da kaji tana tara ɓera da maciji. Ka riƙa share ƙarƙashin shukar, tsakaninta da ɗakin kaji kuma ya zama fili fetal.

Dasa fure daban, kafa amya daban. Ƙudan da ya zo kiwo ba ruwansa da kowa, amma amya kusa da ɗakin kaji haɗari ce, don in suka fusata kajin da ke kulle ba su da wurin gudu. Zuma da zaƙi da harbi. In kana son kiwon zuma, a kai amya gona nesa da gida. Abin da za ka yi musu a nan shi ne tsohon faranti da tsakuwa da ɗan ruwa mai tsabta, ana canzawa duk kwana biyu.

Awaki da kajin gida masu tono za su gama da dashe cikin yini ɗaya. A kewaye da kara ko tsohuwar raga har ta yi ƙarfi.

Sannan kada wani ya ce maka ganyen nan zai maye gurbin rigakafi. Akwai sinadarai masu ƙamshi a cikinsa da ake bincike a kansu, amma Lasota da Gumboro suna nan a kan jadawalinsu. In kaji sun nuna alamar ciwo, a nemi likitan dabbobi ko malamin gona.

Ga mai shirin fara kiwo, shawarata ita ce tun kafin ka aza bulo na farko ka tsaya a filin ka tambayi kanka: ruwan kwanon nan da na tankin nan ina za su? In ka ware mita 2 da mita 5 tun a zane, aikin yini ɗaya ne da shebur da fartanya, dashen kuma ƙila kyauta za ka samu a gidan maƙwabta. Wanda ya riga ya gina, ya fara da gwajin ramin nan na santimita 30 a wannan makon, ya ga abin da ƙasarsa za ta ce.

Wanda ya gwada, ko yake da wata shukar gida da ya ga zuma na so da rani, ya faɗa mana mu ƙaru da juna. Allah Ya sa albarka a kiwonmu da nomanmu, Ya ba mu damina mai amfani. Amin.